Filtar Zabuwa

Zuwa ga Injiniyana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta gaji da ƙirga kwanaki. Ina fata jikinka lafiya, kuma ƙurar dutsen nan ba ta dawo maka da tarin bara ba. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa bakin ƙofa ba sanda. Ta ce in gaishe ka, ta kuma ce in faɗa maka uwa ba ta cin saƙon baki, ka zo ta gan ka da idonta.

Ba zan manta Talatar da ta wuce ba. Ina zaune a inuwar bango da littafin da maƙwabciya ta ara mini, na kai daidai inda jirgi zai tashi da saurayin, sai na ji hon ɗin direbanku sau biyu. Na fita da takalmi wari da wari. Ya miƙo mini ambulan ta taga, bai tsokane ni kamar yadda ya saba ba, bai ma kashe mota ba. Ya ce yana sauri.

Wata goma sha huɗu ke nan da aka kai ku wannan ma'aikatar fasa dutse da ko waya ba ta shiga, kuma duk sati biyu direba yana kawo mini rubutunka. Wasiƙa ashirin da takwas, suna nan cikin gwangwanin biskit. Na san yadda kake danna biro har rubutun ya fito ta baya, na san tambarin baƙin mai da babban yatsanka yake bari a gefen takarda. Sai aka yi zuwan direba biyu babu komai. Da na uku ya zo, na buɗe na tarar da takardar da na'ura ta buga, fara fat, ko ƙamshinka babu. Bari in kwafe maka ita, ko za ka ji yadda take a kunne:

"Ina lafiya. Aiki ya yi yawa. Kumfar da kika ce kina gani a cikin tiyon mai, zoben robar filta ne ya tsage yana shan iska. Kada ki ƙara tayar da ita a haka, injin zai ƙone. Ki je shagon Tsoho ki sayi filtar roba, irin wadda ba a buɗewa, in ta toshe a jefar a sa wata. Ki gaida Inna."

Shi ke nan. Ko sunan da kake kirana da shi babu.

Ni ba gajartar ce ta fi damuna ba, filtar ce. Ranar da za ka tafi ka ɗauko Zabuwa daga kan durowa ka ɗora mini a cinya, 'yar motar da tsawonta bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba, da baƙin murfinta mai ɗigo-ɗigon fari. Ka ce injinta na gaske ne ko da bai fi kwalbar turare girma ba, wani mai na musamman da ake kira naitiro yake sha, kuma in ya daɗe a ajiye tsatsa za ta ci shi. Ka ce in riƙa tayar da ita duk Asabar. Ban taɓa tsallake Asabar ɗaya ba, ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni. Hayaƙin yana sa ni hawaye, ƙararta tana korar kajin maƙwabta, amma ina yi.

Kuma na tuna duk ranar da ka dawo daga tsere a filin bayan tsohon garejin bas. Za ka zauna a kan dakalin ƙofa, ka cire shuɗiyar filtar ƙarfen nan, ka murɗe ta ta rabu biyu, ka zaro 'yar rariyar ciki ka ɗora mini a tafin hannu. Ka zuba mata ɗan mai, ka ɗaga ta saitin rana ka ce, "Kin ga wannan ɗan baƙin? Da ya wuce, da ya toshe allurar kafireto." Ni ban taɓa ganin komai ba, sai in ce na gani don kada ka saki hannuna. Da bakinka ka ce filtar roba ta malalata ce, abin da mutum ba zai iya buɗewa ya wanke ba bai zama nasa ba tukuna.

To wa ya rubuto mini in sayi ta roba?

Na san za ka ce littattafai sun lalata mini kai. Wataƙila. Amma a cikinsu duka, in namiji ya fara taƙaita magana, akwai abin da ya ɓoye a bayanta. Ka rubuto mini da hannunka, ko layi biyu ne.

Taka,
'Yar Littafi

*

Zuwa ga iyalina,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki. Ina lafiya, tari bai dawo ba. Na ji daɗin labarin ƙafar Inna, a ci gaba da shafa mata maganin.

Maganar na'ura, ta fi sauƙi ne kawai. Kada ki sa komai a ranki.

In kin je wurin Tsoho ki lura da abu huɗu. Na ɗaya, bakin filtar ya dace da tiyon, kada ya yi sako-sako, iska za ta shiga. Na biyu, ki ɗaga ta a haske ki ga rariyar ciki, ta zama mai ƙananan ido. Na uku, kada ki yarda a ba ki filtar babur mai takarda a ciki, wannan ta fetur ce, man naitiro zai jiƙa takardar ta dagargaje ta shige inji. Na huɗu, akwai kibiya a jikinta, kan kibiyar ya kalli inji, ba tanki ba.

In kin sa, ki tayar. Ki duba tiyo, kada ki ga kumfa. Ki duba salansa, dole hayaƙi ya fito. In babu hayaƙi, mai ba ya isa, ki kashe nan take.

In ta tashi lafiya, ki kai ta wurin Mai Walda, abokin tserena. Ki haɗa masa da rimot da akwatin kayan gyara da sauran man. Kyauta na ba shi. Ba ni da sauran amfani da ita.

Hutun da na ce zan zo a wata mai kamawa ba zai yiwu ba. Kada ki jira ni a kansa.

Ki gaida Inna.

Mijinki

*

Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kamar yadda na'urarka ta faɗa. Inna lafiya. Ni ma lafiya, tunda ana tambayar jiki ne.

Na karanta wasiƙarka sau goma sha ɗaya ina neman inda ka ɓuya a cikinta. Filta ta samu sakin layi biyu, ni na samu "iyalina", kamar takardar asibiti.

Na je shagon Tsoho ranar Alhamis. Yana nan yadda ka bar shi, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, yana neman na ukun. Da ya gan ni ya ce, "A'a, kishiyar Zabuwa ce da kanta?" Na ce masa filta nake so. Ya ja aljihun tebur ya jera mini uku a kan gilashi: ta ƙarfe mai murɗewa irin taka, wata 'yar dunƙulalliya kamar dutse da ake sakawa cikin tanki, da ta roba wadda ake hango cikinta. Bai ko tambaye ni ba ya tura mini ta ƙarfen.

Na ce, "Ta roba aka ce in saya."

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Wa ya ce?"

"Maigidan."

"Maigidan naki da na sani? Wanda ya tsaya a nan ya yi mini lacca har shayina ya huce, don na sayar wa wani ta roba? 'Yata, ko dai kin sake miji ban ji ba?"

Ya yi dariya, ni ma na yi don kada ya ga idona. Ya ce ta roba ba laifi gare ta ba, tana nuna datti da kumfa, sai dai ba ta daɗewa, in ta ji zafin inji takan tsage. Ya naɗe mini ita a takarda. Har na kai ƙofa ya kira ni, ya sa mini wani ɗan zoben roba a hannu, ƙarami kamar na ɗan kunne. Ya ce, "Na shuɗiyar ne. Ajiye masa. In ya dawo hayyacinsa zai nema."

Na yi duk yadda ka ce. Na duba rariya a haske, na juya kibiya ta kalli inji, na ja igiya sau uku ta tashi. Babu kumfa ko ɗaya, hayaƙi yana fita siriri. Ban taɓa jin muryarta ta washe haka ba. Na tsuguna a gabanta ina kuka, Inna ta leƙo ta ce me ya faru, na ce hayaƙi ne.

Ban kai ta wurin Mai Walda ba.

Ka tuna farkon aurenmu, yadda na tsani motar nan? Ranar da na ɓoye maka fulogi a cikin tulin littattafaina don ka zauna ka yi hira da ni, ka yi awa biyu kana nema, da ka gano sai ka zauna ka karanta mini babi guda da muryar mata har cikina ya yi ciwo. Ranar ka ce mini abu biyu ne ka taɓa zaɓa da kanka a duniya ba wanda ya zaɓa maka, ita da ni. Shekara uku ka yi kana haɗa ta ƙusa bayan ƙusa. Yau ka bayar da ɗaya a layi biyu, ka ce ba ka da sauran amfani da ita, sannan ka ce kada in jira ka.

Ni ba yarinya ba ce. Motar ce ba ka da amfani da ita, ko gidan gaba ɗaya? In so kake in koma gidanmu, ba zan yi maka rigima ba, ba zan tara maka mutane ba. Zan jira yayarka ta zo ta karɓi Inna, in haɗa kayana. Amma ba zan motsa a kan maganar na'ura ba. Ka rubuta da hannunka, in ga tambarin yatsanka a gefe, sannan in yarda kai ne.

Ni ce dai,
wadda ka daina kiran sunanta

*

Zuwa ga Akawu, ɗan baffan maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida aiki. Na je na duba matarka da yara ranar Lahadi, duk suna lafiya, ƙaramar ta fara haƙori tana cizon kowa, halin uba ba ya ɓuya. Ka ga na tsokane ka kamar kullum, don ka san ba da faɗa na zo ba.

Sati biyar ke nan da na rubuta wa yayanka bai amsa ba. Wannan takarda taka ce kai kaɗai, na roƙi direba ya sa maka ita a hannu.

Ranar Laraba kofin gilashi ya fashe mini a cikin wanke-wanke ya yanke mini tafin hannun dama. Ba wani abu ba ne, an ɗinke an naɗe. Da Asabar ta zo na ɗauko motar yayanka kamar yadda na saba. Na ga tsohuwar filtarsa ta ƙarfe a cikin akwati, da sabon zoben da Tsoho ya ba ni, sai na ce bari in gyara ta ko don in riƙe wani abu nasa. Ka san irin ta, rabi biyu ce, sai ka riƙe ɗaya ka murɗe ɗaya. Na kama da hagu, babu abin da zai riƙe ɗayan. Na matse ta tsakanin gwiwoyina ta sulle. Na sa haƙori, na ji ɗacin mai. Na kusa rabin awa ban buɗe ta ba.

Sai na dubi ta robar da ya ce in saya. Na zare ta daga tiyo da yatsu biyu, na mayar da yatsu biyu.

Na ɗauko rimot. Hagu ce take riƙewa tana jan kunamar gudu, dama take juya ɗan sitiyarin. Na riƙe da hagu, na dubi sitiyarin, na dubi hannuna a naɗe.

Akawu, mutum ya daina rubutu da biro. Ya zaɓi filtar da ya tsana, wadda hannu ɗaya yake isar ta. Ya bayar da motar da sai da hannu biyu ake tuƙa ta. Direbanku ya daina kallon fuskata. Kuma a duk ma'aikatar nan kai ne mai kwamfuta a gabanka a ɗakin sito, yayanka ko kunna ta bai iya ba.

Wata biyu ina zargin zuciyarsa. Yanzu ina roƙon Allah a ce zuciyar ce, ni ce na yi kuskure. Ban faɗa wa Inna komai ba. Don girman Allah, don zumuncin da ke tsakaninku, ka faɗa mini me ya sami hannun mijina.

Matar yayanka

*

Zuwa ga Matar Yaya,

Wa alaikumus salam. Na gode da duba mini iyali, Allah ya bar zumunci. Na zauna zan rama tsokanar haƙorin nan, na rasa ta inda zan fara. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban iya sa wannan a kwamfuta ba.

Ya sa na rantse ba zan faɗa miki ba. Ban faɗa ba, ke kika gano. Da na karanta takardarki na kai masa na ajiye a gabansa na ce, Yaya, rantsuwata ta ƙare a nan. Ya ɗauka ya karanta.

Wata uku da suka wuce ne, da hantsi. Dutse ya maƙale a bel ɗin da ke kai kaya cikin injin niƙa. An tsayar da bel, ya sa hannu zai zaro dutsen, nauyin kayan da ke sama ya ja bel ɗin ya koma da baya. Hannun dama ne. Mu huɗu muka fitar da shi, direban nan shi ya kai mu asibiti. Shi ya sa ba ya iya kallonki.

Da farko likitoci sun ce za a ceci babban yatsa da manuni. A lokacin ne wasiƙarki mai maganar kumfa ta iso. Yana kwance da ƙarin ruwa a hannu ya ce in karanta masa, da na kai wurin kumfar sai ya yunƙura zai tashi, wai za ki ƙona masa inji. Na ce Yaya, kai da ke wannan hali? Ya ce in ɗauko takarda. Da ya ce ki sayi filtar roba ni ma sai da na ɗago. Ya ce, "Da yatsu biyu zan iya sa ta in cire ta. Sitiyari ma yatsu biyu yake so." Yana ta lissafin yadda zai dawo tsere.

Bayan kwana goma ciwon ya ruɓe. Suka yanke daga wuyan hannu. Wasiƙa ta biyu bayan nan ce.

Kin ce babu ke a cikin wasiƙun. Laifina ne rabi. Kin san tun muna yara ba ya iya faɗin magana mai taushi a gabana, don ya san zan yi shekara ina maimaita masa. Na ce masa, Yaya, ƙara mata ko kalma ɗaya mai daɗi mana, wallahi ba zan yi dariya ba. Ya ce, "To rubuta, 'Yar..." Sai ya juya fuskarsa bango. Na jira har ma'aikaciyar jinya ta zo ta kore ni. Ni na sa "iyalina", don ban san me zan sa ba. A asibitin waya tana shiga, sau uku ina miƙa masa tawa, ya ce muryarsa za ta tona shi.

Yanzu an sallame shi, yana ɗakina a bayan sito. Ciwon ya warke, yana cin abinci in na tsaya a kansa. An ce za a ba shi aikin gadin ƙofa in yana so. Gida ne ya ce ba zai koma ba. Na yi faɗa, na yi lallashi. Wasiƙarki ta ƙarshe tana aljihun rigarsa, ta yi laushi don buɗewa. Abin da ya faɗa mini shi ne, "Ta ce in rubuta da hannuna. Da wanne?" Wata rana kuma ya ce duk mazan da ke cikin littattafanki hannu bibbiyu gare su, ke kuma shekararki ashirin da uku.

Tun ranar da na nuna masa takardarki yake zama da tsofaffin fom na sito yana koyon rubutu da hagu a bayansu. Ya yayyaga sun fi talatin. Wadda ke cikin ambulan ɗin nan kwana tara ya yi a kanta. Ya liƙe ta da kansa, ban karanta ba.

Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Akawu

*

'Yar Littafi,

Ga hannuna. Wanda ya rage.

Ki yafe mini ƙaryar lafiya. Ban gaji da ke ba. Ban gaji da gida ba.

Ba zan iya ɗaura igiyar takalmi ba. Ba zan iya buɗe kwalba ba. Ba na so ki zama mai yi mini waɗannan har tsufa. Kin auri mai gyara, ba wanda ake yi wa.

In kin zaɓi komawa gidanku, ba ki yi laifi ba, zan faɗa wa kowa haka. Kin ce sai kin gani da rubutuna. Ga shi.

Ki ba Mai Walda motar. Kada ta yi tsatsa.

Na kasa sa tambarin yatsa. Babu mai a hannuna yanzu.

*

Injiniyana,

Assalamu alaikum. Sannu. Sannu da jiki, sannu da abin da ka ɗauka kai kaɗai wata uku. Allah ya sa kaffara ne. Hannuna ya warke, an cire zare, saura ɗan tabo.

A littattafaina, in irin wannan labari ya zo, matar takan faɗi a sume. Ni ban suma ba. Na karanta ta Akawu a tsaye a bakin ƙofa, na karanta taka a zaune, sannan na tashi na kwashe shanya don hadari ya haɗo. Sai da na zo ninke rigarka mai dogon hannu, wadda nake wankewa ba don ta yi datti ba, sannan abin ya same ni.

Na faɗa wa Inna washegari da safe, bayan ta karya. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce lokacin da kake jariri da hagu kake fara kama abu, ita ta riƙa mayar maka da cokali dama. Ta ce in faɗa maka ka yafe mata, da ta bar ka. Tun ranar ba ta ƙara cewa a kashe Zabuwa don ƙara ba.

Na buɗe gwangwanin biskit na jera wasiƙu ashirin da takwas a kan gado. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kukan rubutun nan kamar wani mutum ne ya rasu. Ba zan sake ganin sabonsa ba, kuma ban san wadda ta zo ta ashirin da takwas ita ce ta ƙarshe ba, da ban karanta ta da sauri ina dafa abinci ba. Ta ashirin da tara na sa ta a sama. Layukanta suna gangarowa kamar za su faɗo daga takardar, amma har yanzu kana danna biro ya fito ta baya. Na shafa na ji.

Gaskiyarka, na duba, duk mazan littattafan hannu bibbiyu gare su. Babu kuma ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa yunƙurin tashi daga gadon asibiti don kumfa a cikin tiyo. Na mayar wa maƙwabciya littafinta ban ƙarasa ba, ban san ko jirgin ya tashi da saurayin ba.

Ina jin haushinka, kada ka ɗauka ya wuce. Ka bar ni wata biyu ina tunanin ka daina sona, ka ga kamar wannan ya fi sauƙi a kaina. Bai fi ba. Za mu yi wannan faɗan ido da ido, ba ta hannun direba ba.

Jiya Asabar na zauna a kan dakalin ƙofa, inda kake zama. Na murɗe shuɗiyar filtar ta buɗe, na cire tsagaggen zoben na sa sabon da Tsoho ya bayar. Na ɗora rariyar a tafin hannuna, na zuba mata mai, na ɗaga ta saitin rana. Injiniya, na ga ɗan baƙin. Shekara biyu ina ce maka na gani, sai jiya na gan shi da gaske, ƙarami kamar kan allura, ba kowa kusa da zan nuna wa.

Na ɗauke ta zuwa filin bayan gareji. Mai Walda yana nan da sauran, suka tsaya cak da suka gan ni da Zabuwa a hammata. Na faɗa masa abin da ya faru da kai, na kuma faɗa masa ka yi masa kyauta amma ni na hana. Ya cire hula ya share fuska ya ce ko na kawo ba zai karɓa ba. Na roƙe shi ya riƙe rimot da hagu ya ja kunama, hannun damansa a aljihu, ni in juya sitiyari. Sau biyu muka kifar da ita, sau ɗaya muka shiga ciyawa. A karo na huɗu muka zagaye filin. Ya ce matsalata ina juyawa kafin kwana ta zo, don ina tsoro. Ya ce kai ne za ka iya gyara mini wannan, shi ba shi da haƙurinka.

Ban ce zai zama kamar da ba. Igiyar takalmi da murfin kwalba da abubuwan da ban ma hango ba tukuna, duk na san suna nan suna jiranmu, kuma wata rana za ka yi mini tsawa don na taimake ka, wata rana don ban taimake ka ba.

Yayarka za ta zo gobe ta zauna da Inna. Na cire filtar roba na jefar, na mayar da shuɗiyar, babu kumfa. Ba zan koma gidanmu ba. In ka yarda mu dawo tare, in ba ka yarda ba ka ce wa Akawu ya nemi wani ɗakin, don a nasa zan zauna da kai. Direba ya ce akwai wuri a gaban mota ranar Talata. Zan zo, da ni da Zabuwa.

Taka,
'Yar Littafi